Me Take Ci? Tarihin Bindiga da Harsashinta, daga Maƙeran Gaya zuwa Winchester

Tambayar da baffana ya yi mini a zaurensa na Gafasa, shekaru da dama da suka wuce, kalma uku ce kacal: "Me take ci?"

Lokacin ina 'yan shekarun samartaka. Na je birni na kwana biyu, wani ɗan uwanmu ya shiga da ni silima muka kalli fim ɗin kaboyi. Ban riƙe komai na labarin ba sai bindigar. Mutum yana bisa doki, ya danna wani ƙarfe da ke ƙarƙashin kunama ya yi ƙasa, ya dawo da shi, kwanso ya yi tsalle ya faɗi gefe, ya sake harbi, ya sake, har sau goma bai tsaya ɗuri ba. Da na dawo gida na tarar da Baffa a kan buzu, ya ɗora adakarsa a cinya yana goge ta da tsumma da ɗan mai, don an gama girbi, farautar rani ta ƙarato. Na durƙusa na gaishe shi, na kwashe labari kaf na ba shi. Bai katse ni ba har na kai aya, sannan ya yi tambayarsa.

Na ce, "Harsashi mana, Baffa."

Ya ce, "Wane iri? Wa ke ƙera shi? In ya ƙare maka a tsakiyar dawa, ɗan nan, wurin wa za ka? Akwai shi a kasuwar Gaya?"

Na yi shiru. Sai bayan na girma na karanta na gane cewa waɗanda suka ƙera waccan bindigar ma sun shafe shekara kusan arba'in suna kokawa da wannan tambaya, kuma sarakunanmu sun yi kokawa da ita, a kan rai da mulki.

Bindigar da na gani a silima, mai liba a ƙasa, a Amurka aka haife ta. A 1860 wani maƙerin masana'anta, Benjamin Tyler Henry, ya fito da wadda ke riƙe harsashi 15 a cikin wani bututu da ke kwance ƙarƙashin hancinta. Daga ita kamfanin Winchester ya gyara ta 1866, sannan ta 1873 wadda ta fi kowacce suna. Harsashin ta 1873 gajere ne mai kauri, ana kiran sa .44-40: faɗinsa wajen milimita 11, darmarsa gram 13, albarushin cikinsa bai kai gram uku ba. A gaskiya awon harsashin ƙaramar bindiga ne aka sa wa doguwa. Kafin shekarun 1870 su ƙare, kamfanin Colt ya fito da libarba mai cin wannan harsashi ɗin dai. Nan ne dabarar take. Makiyayin da ke kwana goma a daji bai ga kanti ba zai ɗaura ɗamara ɗaya ta harsashi, ya ciyar da ta ƙugu da ta kafaɗa daga cikinta. Ba nauyi, ba ruɗewa cikin duhu, bututun yana ɗaukar da yawa, dukan kafaɗarta kaɗan ne. Aibinta kuwa, bayan taku ɗari da wani abu darmar ta fara sunkuyawa, kuma ba ta da ƙarfin da za ta kayar da babban nama nan take.

Masu farautar ɓaunar Amurka suka ce ba su yarda ba. Sai aka yi musu ta 1876 mai dogon harsashi, sannan John Browning ya tsara ta 1886 wadda ƙarfenta ke jure harsashin soja na .45-70. A 1894 ya sake tsara wata, shekara ɗaya bayan haka aka ba ta .30-30, siririn harsashi mai albarushi marar hayaƙi, wanda ke fita da gudun kusan mita 700 a daƙiƙa, alhali .44-40 bai cika wuce mita 400 ba. Nisa ya ninka, ƙarfi ya ƙaru. Abin da aka biya shi ne bututun ya koma ɗaukar shida ko bakwai, kafaɗa ta fara jin jiki, kuma mutum ya koma ɗaukar harsashi iri biyu. Akwai kuma wani takunkumi da duka biyun suka gada: tunda harsasan suna kwance ne a jere, kan wannan a gindin wancan, dole kansu ya zama mai faɗi, don mai tsini yana iya tsokano na gabansa ya tashi a cikin bututu. Har gobe mai sayen irin wannan bindiga a can tsakanin waɗannan biyu yake zaɓi, gajere mai yawa da araha ko dogo mai nisa da tsada.

Sojan Daular Usmaniyya sun warware matsalar ta wata hanya a Plevna, cikin ƙasar Bulgeriya ta yau, a 1877. Usman Pasha ya tsare garin kusan wata biyar a gaban rundunar Rasha. Mutanensa na ramuka suna da Peabody-Martini mai dogon harsashi, da ita suke taren maƙiyi tun daga nesa, in ya matso sai su ɗauki Winchester su yi masa ruwan wuta. Bindiga biyu, harsashi biyu, mutum ɗaya. Daula ce kawai mai taska da jiragen ruwa za ta iya wannan.

Mu dawo gida. Ƙasar Gaya ƙasar ƙira ce tun fil azal. Ruwayar da aka gada ta ce Abagayawa, tsofaffin maƙeran birnin Kano, daga Gaya kakansu ya taso yana neman tama har ya sauka gindin Dala. Mutanen da suka san narka dutse su fitar da ƙarfe tun kafin a gina ganuwa ba za su ga baƙon ƙarfe su tsaya kallo kawai ba. Za su juya shi, su auna, su tambayi kansu wane ɓangare ne za su iya yi, wane ne ya fi ƙarfin uwar maƙera.

Tarihin sarakunan Kano ya fara ambaton bindiga a zamanin Sarki Dauda, tsakanin 1421 da 1438, a cikin kayan wani basarake, Dagaci, da ya zo daga Barno. Masana da yawa suna ganin wannan ya yi wuri ƙwarai. Abin da ya fi tabbata shi ne na Mai Idris Aloma a Barno, cikin rabin ƙarshe na ƙarni na 16, wanda limaminsa Ahmad Ibn Fartuwa ya rubuta cewa yana da maharban bindiga Turkawa da bayin da suka koya a hannunsu. A Kano kuwa, zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743, aka ce bindigogi sun shigo ta Nufe tare da garkuwoyi. Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron sarki. Waɗannan bindigogin masu ƙanƙarar ƙyastu ne, dogaye, irin waɗanda Turawan Danmak da Holan da Ingila suke saukewa a bakin teku, fatake su hauro da su ta Nufe ko ta hanyar goro daga Gwanja.

Duk da haka bindiga ta daɗe tana bayan baka da doki. A 1823 Bature Denham ya bi Larabawan Bu Khalum masu bindigogi zuwa hari a kudancin Barno, ya ga da idonsa yadda kibiya mai dafi ta Fulanin Musfeya ta tarwatsa su, Bu Khalum kansa kibiya ce ta yi ajalinsa. A 1826 Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta yi wa wani garin Gobirawa ƙawanya, dubban mayaƙa, amma bindigogin da ya ƙirga arba'in ne da 'yan kai. Barth da ya zauna Kano a 1851 ya ga ruwan takubban Jamus suna shigowa jibgi, bindiga kuwa kaɗan. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kafin mai bindiga ya ɗura sau ɗaya, gwanin baka ya saki kibiya biyar, kuma kibiya ba ta jin tsoron damina. Kyauro yana fadama, dafi yana daji, ƙarfen kan kibiya yana wurin maƙerin unguwa.

Amma maharba sun rungume ta, kuma a nan nake so in daɗe, don a hannunsu ne na ga amsar da ƙasarmu ta bayar.

Na sha zama kusa da Baffa da asuba yana ɗuri. Zai tsayar da adakar a ƙasa, bakinta sama, ya kauce da fuskarsa. Ya tsiyayo albarushi daga ƙaho zuwa tafin hannu, ya dube shi, ya rage ko ya ƙara, ya zuba. Ya cusa ɗan ɓawon rama, ya zaro sandar ɗuri ya daka har sai sandar ta yi tsalle da kanta. Sannan ya buɗe 'yar jakar fata mai aljihu uku. In fadama za shi, wajen zabi da fakara da agwagin ruwa, sai ya ɗebo ƙananan darma kamar ƙwayar dawa, masu watsuwa. In gada yake nema ko barewa, sai ya ƙirga 'yan manya guda huɗu ko biyar. In kuwa an kawo ƙarar gyado yana tone wa mutane rogo, dunƙule ɗaya yake sakawa, wanda maƙeri ya yanko masa. Bayan ya gama sai ya mayar da sandar cikin hancin bindigar, ya jera yatsunsa a kan abin da ya rage a waje. Da yatsa ake auna ɗuri. Yana cewa, "Wannan yatsa uku ne, na tsuntsu. Kada ka taɓa wuce abin da ƙarfenka zai ɗauka don jin haushin nama."

Bai faɗi haka a banza ba. Akwai wani abokin farautarsa da ya rasa yatsu biyu na hannun hagu, ranar da ya ƙara wa wata sabuwar bindiga ɗuri, ashe maƙerin da ya yi ta da bututun ruwa ya haɗa hancin. Ta tsage tun daga gindi. Na ga hannun, na ga yadda yake naɗe goro da ragowar yatsun. Adaka ba abin wasa ba ce, kuma ba na cikin masu yi mata kirarin da ba ta kai ba. Harbi ɗaya take yi, shi ya sa ake ce wa irinta harba-ka-ruga. Hayaƙinta yana rufe maka ido, in raɓa ta taɓa albarushin ta ƙi tashi, bayan taku hamsin kuwa sai addu'a.

Sai dai dubi abin da take ba mai ita. Zaɓin da Ba'amurke yake yi sau ɗaya a kanti, ranar da zai biya kuɗi, ya zauna da shi shekara da shekaru, maharbin Gafasa kowace safiya yake yin sa a tafin hannunsa. Bindiga ɗaya ce, yau ta tsuntsu, gobe ta babban nama. Kuma babu abin da take ci wanda ba a samu tsakanin Gaya da Wudil. Ƙarshen wannan hikima shi ne sango: mashi gajere mai dafi da maharban giwa suke zurawa a bakin bindiga maimakon darma, albarushi ya tura shi ya huda fatar da kibiya ba ta hudawa. Wato sun aurar da bindigar Bature da dafin kakanninsu. Daga wannan makami ne Sarkin Kano Alu ya samu laƙabin da ake kiran sa da shi har yau, Alu Mai Sango.

Zamanin Alu ne kuwa bindiga mai kwanso ta fara girgiza ƙasar nan. A arewa, Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya riga ya tara bindigogi, ya sa ana zuba igwa ta tagulla ana haɗa albarushi a cikin birninsa. Ɗansa Ahmadu Kuren Daga ya kawo yaƙi har Gezawa a 1898, tafiyar da ba ta da nisa daga ƙasarmu ta Ajingi. A gabas, Rabe ya shigo Barno a 1893, ya ƙone Kukawa ya zauna Dikwa, da sojan da aka horar da su jeri da harbi tare, cikinsu akwai masu Remington irin ta sojan Masar. A cikin gida kuma ga Basasar Kano: Yusufawa, masu adawa da Sarki Tukur, sun fita Takai, suka ci Gaya, jagoransu Yusufu ya rasu a Garko, Alu ya karɓi tuta ya shiga birni a 1894, Tukur ya faɗi a Tafashiya a 1895. Duk wanda ya ga waɗannan shekarun ya san kwanan sulke da lifidi ya kusa ƙarewa. Alu ya nemi bindigogi ta hannun fataken Tarabulus da na kudu, ya damƙa su ga bayin sarki.

A nan tambayar Baffa ta zama tambayar sarauta. Bindigogin da ke yawo a wannan yanki a lokacin tarkacen rundunonin duniya ne. Martini-Henry ta Ingila, wadda ita ma da liba ake buɗe ta amma ɗaya-ɗaya take ci. Gras ta Faransa. Remington ta Masar. Winchester ma ta shigo Afirka, don Bature Stanley ya ɗauki guda 50 a tafiyarsa ta 1887 ta cikin Kwango. Abin takaicin shi ne Martini da Gras da Remington duka faɗin bakinsu wajen milimita 11 ne, in ka ga harsasan a tafin hannu sai ka ce 'yan uwa ɗaya ne, amma babu wadda ke karɓar na wata. Tsawon kwanso daban, wuya daban, gindi daban. Sarki yana iya tara bindiga ɗari iri biyar, ayari ya kwana sittin a Sahara ya kawo masa akwatin harsashi, a buɗe a tarar na iri ɗaya ne kawai. Ragowar sun zama sanduna. Maƙeri zai iya gyara kunama, ya sassaƙa sabon ƙota, ya zuba darma, amma jan tagulla ta zama kwanso marar ɗinki aikin inji ne. Shi ya sa can yamma askarawan Samori Ture suke bin filin daga bayan an tashi suna tsince kwanso, a kai wa maƙera su sake cikawa.

Turawa sun san wannan lagon sarai. A taron Birasels na 1890 suka rattaba hannu cewa a faɗin Afirka, daga layi na 20 arewa zuwa na 22 kudu, ba za a sayar wa 'yan ƙasa bindiga mai kwanso da harsashinta ba, sai dai mai ƙyastu da albarushin kasuwa. Da sunan hana cinikin bayi aka yi dokar. Amfanin da ta yi musu ya bayyana bayan shekara goma sha uku. Kanar Morland ya taso daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903 da soja ɗari bakwai da wani abu, akasarinsu Hausawa da Yarabawa, da igwa huɗu da bindiga mai ruwa huɗu. Ya fasa Bebeji, ya iso Kano ran 3 ga Fabrairu, Alu kuwa ya yi tafiya Sakkwato. Bindigogin sojansa awo ɗaya suke ci, .303, kowane akwati da ɗan dako ya sauke ya dace da hannun kowane soja. Sarkin Shanu ya tsaya a gidan sarki har ya faɗi. Makonni kaɗan bayan haka Waziri Ahmadu ya afka wa jerin sojan a Kwatarkwashi da dawakai, ya yi shahada. Ba zuciya mutanen nan suka rasa ba. Abin da suka riƙe na zamani aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Mulkin mallaka ya bar wa talaka adakarsa, ya ɗauke sauran. Dokar makamai ta 1959, wadda Najeriya ke aiki da ita har yanzu, ta gaji wannan tsari, ta kasa bindigogi kashi uku. Kashin farko haramtattu ne sai da izinin shugaban ƙasa, a ciki akwai kowace irin ƙaramar bindiga da libarba, da bindigogin soja masu awon milimita 7.62 da 9 da inci .300 da .303. Kashi na biyu, su bindigar tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu da dogayen bindigogin farauta, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku, masu ɗuri ta baki, kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da izininsu. Ka ga ke nan dabarar makiyayin Amurka ta harsashi ɗaya ga bindiga biyu ba ta da mazauni a nan, tunda ta ƙugun doka ta hana. Shi ya sa bindiga mai liba ba ta taɓa yin gida a ƙasar Kano ba, sai a farin allon silima.

Wata ce ta yi gida, kuma da ciwo nake rubuta wannan. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu injiniyoyin Jamus da na Rasha suka ce me zai hana a yi harsashi tsaka-tsaki, ya fi na ƙaramar bindiga nisa, ya fi na doguwa sauƙi. Rasha ta fitar da nata a 1943, aka gina AK-47 a kansa. Tsohuwar gardamar gajere da dogo a nan ta ƙare. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 rumbunan makaman Libiya suka fashe, hanyar Saharar da a da take kawo wa Alu akwati ɗaya cikin wahala ta koma kwararo iri ɗaya, awo ɗaya, mai shiga kowace bindiga daga Agadas har dajin Rugu. Abin da sarakunanmu suka nema suka rasa don kare ganuwa, shi ya faɗo hannun masu tashin ƙauyuka a Zamfara da Katsina. Har sunan ma sun ƙwace. A bakin kakanninmu 'yan bindiga su ne bayin sarki masu jajayen kaya da ke gaban Sarki ranar hawa. Yau in rediyo ya ce 'yan bindiga, gaban uwa ne ke faɗuwa. Maharbi kuma ya shiga tsaka mai wuya. Shi ake kira ya tsare gari da harba-ka-ruga a gaban mai harsashi talatin, shi kuma ake tsarewa a hanya a ce ɗan fashi ne. A watan Maris na 2025, a Uromi ta jihar Edo, an kashe matafiya 16, mafarauta 'yan Kano da ke komawa gida hutun salla, bayan an ga adaka a motarsu.

Baffa bai ga wannan zamanin ba. Tun kafin ya rasu ma naman ya riga shi tafiya. Gonaki sun cinye dawa, madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa da ta biyo baya sun canza ambaliyar kogin da ke bi ta Wudil zuwa Ringim, fadamun da yake kwana a cikinsu sun koma lambunan rani. Shekarunsa na ƙarshe aljihu ɗaya kawai yake buɗewa a jakar nan, na ƙananan darma, don tsuntsayen da ke sauka a gero.

Harbin ƙarshe da na ga ya yi, ranar wata ƙaramar salla ce. Maharban yankin sun taru za su bi hakimi daga idi, kowa da warkinsa da layunsa. Na riƙe masa ƙahon yana ɗuri a gindin wata tsamiya. Ya zuba albarushi, ya cusa ɓawon rama, ya daka. Na miƙa masa jakar darma, ya ture hannuna.

Ya ce, "Yau ba ta cin komai sai gari. Mutane ne a gaba."

Ya ɗaga bakinta sama, ya kawar da kai, ya ja kunama. Dawakai suka zabura, mata suka rangaɗa guɗa, farin hayaƙi ya tsaya a ƙarƙashin tsamiyar ya daɗe bai watse ba.